'Ya'yan Kande Za Su Yanbu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Maigidana, mai sunan Malam, angon da tun da aka ɗaura bai taɓa kawo cefane ba.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya kai ka Yanbu lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da shugabanni masu tsoron Allah da abokan aiki na kirki, Ya sa garin ya karɓe ka. Amin.

Na san za ka yi dariya. Tsohuwa tana ƙasa, kana sama, matakala ce kawai tsakaninmu, amma sai ta rubuto takarda. To ai in na yi maka magana da baki idonka na kan waya, kana "aiwa Sitti, tayyib Sitti", ba abin da ke shiga. Wannan kuwa dole ka zauna ka haɗa baƙaƙe. Na san Hausarka ta kunne ce, ta ido sai a hankali. Inda ka cije ka kai wa Ummanka. Ni ma ba wani boko mai zurfi na yi ba, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da na ji kana yi da Ummanka a kicin, kuna tsammani kunnena ya tafi hutu. Ka ce, "Ummi, wallahi ma agdar, ba zan iya ba. Kifin Sidi ne. In na kai su can suka mutu a hannuna, da wane ido zan kalli Sitti?" Ita kuma ta ce ka bari a lallaɓa ni. To ba na lallaɓuwa. Kifin nan za ka tafi da su. Akwatin gilashin nan da kuke kira haud, tsohuwa ɗaya ce ke kula da shi, gwiwarta kuma kullum ƙara take. Ina so irin kifin kakanka ya zauna a gida biyu, in wani abu ya sami ɗaya, ɗayan yana nan. Kai ke ɗauke da sunansa, wa zan ba in ba kai ba? Tsoron kashe su kake yi? Gyara zama ka ji irin ɓarnar da amaryarka ta yi kafin ta iya.

Kana ƙarami lokacin da kakanka ya bar aikin tashar jirgin ruwa, muna unguwar Sa'alaba a nan Jidda, ya shigo da akwatin nan niƙi-niƙi shi da wasu mutane. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce kifi zai kiwata. Na ce to madalla, an huta da zuwa kasuwa. Da na leƙa na ga abin da aka zuba, ko tsawon ɗan yatsana ba su wuce ba, na ce, "Waɗannan ai ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba." Ya ce, "Balaraba, ba na ci ba ne, na kallo ne." Na ce, "Ni da nake gidan ban isa kallo ba?" Ya ce ni ina mayar da magana, su ba sa mayarwa.

Su ne rawayan nan masu baƙin layi a gadon baya kamar an ja musu kwalli, waɗanda masu shago ke kira siklid. Ya ce asalinsu daga wani tafki ne can ƙasan Afirka, don haka 'yan uwanmu ne, su ma baƙi ne a Jidda, sai dai su ba a tambayarsu iƙama, takardar izinin zama. Bayan la'asar zai ja kujera ya zauna gabansu da shayinsa. Burinsa ɗaya, ya ga sun hayayyafa a gidansa. Bai gani ba. Ya cika haud ɗin da wasu kifaye iri-iri, duk abin da aka haifa kafin ya ankara an lashe. Da wannan buri ya koma ga Ubangijinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makoma.

A takabata su ne abokan hirata. Da na fita muka dawo nan Bani Malik wurin babanka, rawaya uku ne suka rage, namiji ɗaya, mata biyu. Namijin na sa masa Kafili, irin ubangidan nan da ke tsaya wa baƙo a ƙasar nan, don kowa a ƙarƙashinsa yake, ba mai motsi sai da izninsa. Matan kuma Indo da Kande. Babanka ya ce, "Inna, halas, a mayar wa mai shago, wahala za su ba ki." Na ce sai dai a haɗa da ni a mayar. Mai shagon, Abu Salim, Bayamanen nan na bayan masallaci, ya gaya mini gaskiya. Ya ce kifin sun fara manyanta, in ina son iri in yi da wuri, in matan nan biyu suka tafi shi ke nan. Daga ranar na ɗaura ɗamara. Na ce abin da Malam bai gani ba, ni sai na gani.

Ɓarnata ta farko rashin sani ne tsagwaronsa. Wata safiya na zuba abinci, Indo ta zo ta kalla ta juya. Washegari ma haka. Na sa tabarau na duba da kyau, sai na ga ƙasan haɓarta ya kumbura, bakinta a rufe tana ta motsa shi kamar tsohuwar da ba haƙori ta samu goro. Na ce innalillahi, hangum ya kama kifin Malam! Na jiƙa gishiri a kwano, na ɗauko 'yar raga na bi ta lungu-lungu har na kamo ta. Ina ɗaga ta sama sai ta buɗe baki, wasu 'yan ƙwayoyi rawaya kamar dawa suka zubo cikin ruwa. Kafin in ce me, Kafili da Kande sun yi walima. Na kira Abu Salim na ce kifina na aman tsakuwa. Ya ce, "Ya Hajja, Allah Ya shirye ki, ƙwai ne! A baki take goyo."

To ka ji. Irin waɗannan a baki suke goyo. Za ka ga namijin ya haƙa ɗan rami a yashi, launinsa ya ƙara kyau, yana karkarwa gaban macen kamar mai zazzaɓi. Ita ta zuba ƙwai ta kwashe a baki, shi ya yi nasa aikin, ba sai na yi maka bayani ba, kai ba yaro ba ne. Daga nan ta rufe baki kusan sati uku ba ci. Motsin bakin nan juya ƙwan take yi don kada su lalace. In ka ga haka ka sa hannunka a aljihun taubinka, jallabiyar nan taka. Wannan har ga mutane. In ka ga abokin aikinka ya yi shiru ya ja gefe, tambaya ake fara yi, kada ka taho masa da kwanon gishiri.

Ta biyu kuwa sani ne ya yi mini yawa. Ka tambayi duk wata Bahausa da ta haihu a layinmu na Sa'alaba, wa ya yi mata wankan jego? Balaraba. Ummanka ma da ta haife ka ni na gasa ta, tana kuka tana cewa likita ya hana, ina ce mata likitan bai taɓa haihuwa ba. Don haka da Indo ta sake ɗaukar ƙwai, na raba ta da sauran da wani gilashi da Abu Salim ya yanko mini, na ce yanzu an zo fagena. Me mai jego ke so? Zafi da ci. Na murɗa hitar da ke ɗumama ruwan. Ta saki 'ya'yan tun ba su yi ƙwari ba, kowanne da 'yar jakar gwaiduwa a cikinsa yana kwance a ƙasa, na ce ka ga amfanin zafi. Sai na shiga ɗura. Garin abincinsu cike da cokali, gwaiduwar ƙwai, har 'yar hanta na daka, don ban ga dalilin da mai jego za ta rasa nama a gidana ba. Kunun kanwa ne kawai ban zuba ba, shi ma sai da na yi tunaninsa. Ruwa ya yi fari kamar na wankin shinkafa, ya fara wari. Na ce to wanka. Na kwashe ruwan duka, na wanke soson filta mai tace ruwan da sabulu tas har yana ƙamshi, na cika da ruwan famfo da tsakar rana, ka kuwa san yadda tankin saman bene ke dafa shi. Kafin magariba babu ɗa ko ɗaya mai motsi. Manyan ma da ƙyar suka sha.

Ban tsaya nan ba. Na ce baiwar Allah ta yi rashi, kada a bar ta ita kaɗai, na zare gilashin na mayar da ita cikin 'yan uwanta. Ga ta a rame, ta yi makonni ba ci, shi kuwa Kafili bai san ta'aziyya ba. Ya bi ta sama, ya bi ta ƙasa. Ba a jima ba na same ta bayan dutse, wutsiya a yage, ta cika. Na naɗe ta a ƙyalle na binne a tukunyar na'ana'a ta baranda. Na'ana'ar da ka yi ta yabo a shayi kwanakin baya, ka gode wa Indo.

Ga abin da za ka ɗauka daga nan. Ma'aunin zafin da ke manne a gilashi yana da wurin da aka yi wa kore, nan ruwan zai tsaya rani da sanyi, ko da zuciyarka ta ce maka suna jin ɗari. Abinci ɗan kaɗan, wanda za su cinye kana tsaye. In ya sauka ƙasa ya kwanta, ka yi yawa. Kifi ba ya cewa ya ƙoshi, kamar wani da na sani a gaban tuwon shinkafa. Ruwa ba a canza shi duka. Duk Juma'a ka ɗebi kamar kashi ɗaya cikin huɗu ka mayar da sabo, sabon kuma ka tara shi a bokiti ya huce, ka ɗiga masa maganin nan da ke kashe warin famfo. Soson filta ka matse shi a cikin tsohon ruwan da ka ɗebo. Kada sabulu ya kusance shi. Wannan dauɗar da kake ƙyama akwai wasu halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar kifin. Ni da na yi shekaru ina alfahari da tsafta, sai da na tsufa na koyi cewa akwai soson da ba a so ya yi fari. Sannan uwa in ta sauke, a ba ta hutu ita kaɗai ta ci ta murmure kafin ta koma. Ka tara duwatsu masu ramuka yadda wadda aka kora za ta sami mafaka. Kuma abin da ya yi maka aiki a Jidda, kada ka je Yanbu ka ce dole haka za a yi. Ka fara kallon yadda mutanen wurin ke nasu.

Saura Kande ke nan, ita kaɗai tal. In ta tafi, irin Malam ya ƙare. Da na ga ta rufe baki, murna ta hana ni rufe nawa. Na gaya wa Hajja Batula, maƙwabciyarmu 'yar Sudan, na ce sirri ne. Ka san sirri a wurin Batula. Bayan la'asar sai ga falo cike da mata, wai 'yan barka, wata har da dabino, wata da sabulun jarirai don tsokana. Batula ta shigo da kaskon turarenta yana tashi.

"Mabruk, ya Balaraba! Ina mai cikin? Gidan mai jego ba turare, ai abin kunya ne."

Na ce, "Ba ta sauka ba tukuna, Hajja."

Ta ce, "To a turara ta ta sauka lafiya."

Ta dire kaskon dab da injin da ke hura musu iska, yana zuƙar hayaƙi yana kai musu. Yara na buga gilashi suna ihu. Wata ta kunna fitilar waya tana haska bakin Kande wai sai ta ga ƙwan. Batula ta naɗe hannun riga, ga lalle ga humra, ta tsoma hannu ta ɗaga dutsen da baiwar Allah ta ɓuya.

"Fito mana a gan ki! Wannan kunya sai ka ce haihuwar fari."

Ni kuwa ina ta zuba shayi ina washe baki kamar ni na yi ƙwan. Da safe na zuba abinci, Kande ta riga kowa zuwa, haɓa ta saɓe. Wanda bai sani ba sai ya ce alhamdulillahi ta samu lafiya. Ni na san ta haɗiye.

Don haka, Maigida, abokan nan naka masu dariya kamar ana fasa kwalabe, in sun zo ɗakinka a Yanbu su zauna nesa da haud. Turaren da kake fesawa kamar mai kashe sauro, ka fesa a waje. Hannunka in zai shiga ruwa ka wanke shi da ruwa zalla. Kuma alheri in yana tafe, ka bari ya iso kafin ka buga ganga, ko ƙarin girma ne a wurin aiki, ko wata magana ce da na san wata rana za ka zo mini da ita kana sunkuyar da kai. Batula ba muguwa ba ce, son mu ne ya kawo ta. Masu son ka ma suna iya ɗaga maka dutse.

Yanzu kuma buɗe kunne, an zo wurin daɗi.

Na jira. Na ciyar da Kande har ta yi ɓul-ɓul. Abu Salim ya ce, "Hajja, wata ƙila ta gama, ta tsufa." Na ce ni ma an faɗa mini haka, ga ni nan. Ran nan sai na ga Kafili ya haƙa rami yana karkarwarsa, washegari Kande ta kalli abinci ta juya. Ban gaya wa kowa ba. Ummanka ta ce, "Inna, me ya sa kike murmushi ke kaɗai?" Na ce haƙorina nake shanyawa. Batula ta ƙwanƙwasa ƙofa, na yi tari daga ciki na ce mura ce mai yaɗuwa. Allah Ya yafe mini wannan, murar ta daɗe ba ta warke ba.

Na sa babanka ya kawo ƙaramin haud, na ajiye shi a lungun ɗakina inda ba mai wucewa. Na cika shi da ruwan babban, na sa tsohon soso, irin filtar da ba ta zuƙe jarirai, da dutse ɗaya mai rami. Ban taɓa Kande ba sai da ta yi nisa, har ina hango 'yan baƙaƙen idanu ta fatar haɓarta. Sannan na ajiye raga, na nutsar da kofi cikin ruwa, na lallaɓa ta kamar ana lallaɓa amarya ta shiga mota. Ta shiga. Na ɗauke ta da ruwanta, ko iska ba ta taɓa ta ba. Na rufe gilashin da tsohon zanena, na bar 'yar kafa ta leƙe.

Sai ga jarrabawa. Ana tsakiyar zafin nan da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, ranar Juma'a da hantsi, mukayyif ɗin da ke sanyaya ɗakina ya yi tari ya mutu. Mai gyara ya ce sai gobe. Ina kallo ma'aunin ya bar kore yana hawa. Kande ta fito daga rami tana numfashi da ƙyar, haɓa cike. Na san in zafin ya ƙaru ko ta tofar ko ta haɗiye, kuma wannan karon ba na jin akwai wani a bayansa. Na hau sama da wannan gwiwar, na buɗe firizar Ummanka, babu ƙanƙara sai robobin zoɓon da ta daskarar don baƙi. Na kwaso, na ɗauraye bayansu, na ƙara murɗe murafen, na riƙa sa ɗaya tana yawo a saman ruwa, in ta narke in canza wata. Ba a zuba sanyi gaba ɗaya, shi ma kisa ne. Na buɗe murfin haud na zauna da mafici ina yi wa ruwan fifita.

Haka babanka ya dawo daga masallaci ya same ni, zufa har cikin ido.

"Inna! Ke kina narkewa kina yi wa kifi fifita?"

Na ce, "Ni na riga na haihu, ga ka nan tsaye. Ita ce da aiki a gaba. Karɓi mafici."

Ya kalle ni, ya kalli Kande, ya tattare farin taubinsa ya durƙusa. Mutumin da ya ce a mayar wa mai shago. Ya yi ta fifita har la'asar, in hannu ya gaji ya canza, yana tambayata, "Ya sauka? Inna, duba, ya sauka?" Ya sauka. Ummanka kuma baƙinta suka sha zoɓo mai ɗumi, har yau ba ta san dalili ba, sai in ka kai mata wannan shafin.

Bayan 'yan kwanaki, na idar da sallar walaha, na leƙa ta kafar zanen. Kande ta sauko dab da yashi, ta ja baya kaɗan, ta buɗe baki. Maigida, sai ga su suna fitowa. Ƙanana kamar yankan farce, duk ido ne, amma kowanne kifi ne cikakke, da wutsiyarsa da komai, yana iyo da kansa. Suka bazu a gindin dutse. Na matsa, inuwata ta faɗa musu, ta sunkuyar da kai, suka ruga suka koma bakinta kamar 'yan makaranta an kaɗa ƙararrawa. Ban san lokacin da guɗa ta ƙwace mini ba. Na rangaɗa ta tun daga cikina, irin wadda ko a bikin babanka ban yi ba. Benen nan kaf ya fito. Batula ta taho da gudu mayafi a hannu.

"Wa aka aurar ba a gaya mini ba? Ke ba mura kike ba?"

Na ce, "Na warke yanzun nan. Tsaya daga bakin ƙofa, hannu a baya."

Ta tsaya, ta leƙo, ta ga Kande ta sake sakinsu, sai ga hawaye a idonta tana ta mashaAllah a hankali kamar mai tsoron tashin jariri. Da kowa ya watse na jawo kujerar kakanka na zauna, na ce, "To Malam, ga su nan." Na yi masa addu'a, na sha shayina har ya huce.

Renonsu ba wuya in ka riƙe hannunka. Uwar takan mayar da su baki na ɗan lokaci, in ka ga ta daina kula su ka ɗauke ta, don yunwa na iya sa ta manta su waye. Abincin manya ka murje shi tsakanin yatsu ya zama gari, ka ba su ɗan mitsitsi sau da yawa a yini. Akwai kuma wani ƙwai kamar ƙura da ake sayarwa a shagon kifi, a zuba a kwalbar ruwan gishiri da iska, ya ƙyanƙyashe wasu 'yan jajayen halittu. In suka ci za ka ga cikinsu ya yi ja, nan suke girma kamar ana hura su. Ruwansu ka fi kula da shi fiye da na manya, kuma in za ka zuƙe ƙazantar ƙasa ka duba bokitin kafin ka zubar, sau da yawa na tsinci ɗan iska a ciki yana kallona. Kada ka haɗa su da manya sai sun fi ƙarfin baki.

Yau 'ya'yan Kande sun haifi nasu. Kafili ɗansa ya karɓe masa rami, yana can gefe yana tunanin duniya. Kande ta yi ritaya, ci kawai take. Abu Salim da ya ce ta gama, yanzu shi ke aiko mini a tambaya ko akwai na bayarwa, in na shiga shagonsa har kujera yake ja mini. Batula ma tana da nata guda biyu, kaskon turarenta kuma ya koma baranda.

Ga yadda tafiyar za ta kasance. Na ware maka mata huɗu daga cikin masu ƙwari. Namiji kada ka ɗauka a nan, ka nemo a can daga wani gida, don jini ɗaya in ya yi ta juyawa 'ya'yan sukan fito a karkace. Namiji ɗaya ya isa, biyu yaƙi ne. Ana gobe tafiya ba za mu ba su abinci ba, don kada su ɓata ruwan hanya. A leda za a ɗaure su, ruwa kaɗan iska mai yawa, a sa a kular ƙanƙara, kular kuma a cikin mota kusa da kai inda sanyi yake, ba a but ba. In ka tsaya sallah a hanya kada ka bar su a rufaffiyar mota cikin rana. Zan ba ka rabin tsohon sosona a jiƙe da jarkar ruwan haud ɗina, su za ka fara sa wa a naka, kamar yadda ake ɗibar tsohon nono a zuba a madara ta kama. In ka isa ka ɗora ledar a saman ruwa ta ɗan jima, ka riƙa ƙara mata na haud kaɗan-kaɗan, sannan ka sake su, ka kashe fitila, ka ƙyale su. Kai ma sai ka ci abinci, na san halinka.

Yanzu maganar tsoronka. Za ka kashe wasu, wannan na yi maka alkawari. Wata rana za ka dawo daga aiki ka tarar da ɗaya ciki a sama. Kada ka ɓoye mini, kada kuma ka je shago ka sayo mai kama da ita ka turo mini hoto, na san fuskar kowace. Kira ni ka ce, "Sitti, na yi ɓarna," in yi maka dariya son raina, sannan in tambaye ka me ka zuba. Lokacin da Kande kaɗai ta rage, ko juyi ta yi ba daidai ba sai gabana ya faɗi. Yau kuwa ko duka ka hallaka, ka hau mota ka zo da kularka in sake cika maka, har in tambaye ka manya kake so ko ƙanana. Abin da na sha wa wahala ke nan, kuma Allah Ya ba ni.

Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka riƙa kiran iyayenka ba sai sun neme ka ba. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya kare ka daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya sa albarka a abin da za ka samu da abin da za ka kiwata, Ya dawo mana da kai lafiya. Na ba Allah ajiyarka.

In ka gama karantawa, yalla, sauko da kular a wanke ta. Ban da sabulu.

Wassalam.

Kakarka, amaryarka ta ƙasan bene,
Balaraba